Yadda za ka zaɓi kyamarar ko-ta-kwana idan hoton biki da na mutane aikin gefe ne a wurinka

Tambayar nan ta sha zuwa mini, kuma kusan kullum daga mutum iri ɗaya take fitowa. Yana da aikin da yake ci da iyali, a ƙarshen mako kuma yana ɗaukar hoton biki ko na mutum ɗaya-ɗaya, kyamararsa ɗaya tilo, ya ɗan tara kuɗi yana son ya ƙara ta biyu. Sai ya jero mini sunaye uku ko huɗu cikin waɗanda suke tashe, ya ce wacce ta fi.

Ba wadda ta fi kake nema ba. Kyamarar ko-ta-kwana aikinta ɗaya ne: ranar da ta farko ta ɗauke wuta ana tsaka da biki, ka miƙa hannu ka ɗauko ta ka ci gaba, ba tare da ka tsaya neman maɓalli ko batir ba. Wanda ya zo ɗaukar hoton kansa za ka iya ba shi haƙuri ya dawo gobe. Biki kuwa ba a sake shi saboda mai hoto. Ga matakan bi da bi, kuma jerin yana da muhimmanci, don wanda ya fara da kuɗi ko da sunan kyamara yakan ƙare da bodin (jikin kyamara ba tare da lens ba) da lens ɗinsa ba ya hawa.

1. Zazzage jakarka ka rubuta abin da ke ciki

Kafin ka duba kyamarar kowa, duba taka. Samu takarda ka rubuta sunan bodin da kake aiki da shi, da kowane lens da irin bakinsa (inda yake ɗaurewa a jikin bodi), da lambar batir wadda ke rubuce a jikinsa, kamar LP-E6NH ko EN-EL15c ko NP-FZ100. Ƙara da irin katin memori, da filash da tiriga (na'urar da ke tayar da filash daga nesa), da manhajar da kake gyaran hoto da ita. Wannan takardar za ka riƙa auna kowace kyamara da ita. Duk bodin da ya saɓa wa abu biyu ko uku a cikinta, kuɗinsa na gaskiya ya fi wanda aka faɗa maka.

Gargaɗi: idan lens ɗaya gare ka, bodi na biyu bai gama rufe maka ƙofa ba. Lens ma yana faɗuwa, zum ɗinsa yana cijewa, fokas ɗinsa yana mutuwa. Ware wani abu daga kuɗin ka sayi 50mm f/1.8, wanda kusan a kowane kamfani yana cikin mafi araha, ya zauna a kan bodi na biyun.

2. Yanke shawarar inda za ta zauna, jaka ko kafaɗa

Hanya biyu ce, kuma ba kyamara iri ɗaya suke buƙata ba. Ta farko, bodin yana kwance a jaka, ba ya fitowa sai an samu matsala. Ta biyu, yana rataye a kafaɗarka tun safe da lens na daban: 35mm ko 24-70mm a kan ɗaya, 85mm ko 70-200mm a kan ɗayan, don kada ka tsaya canjin lens amarya tana wucewa.

Idan ta biyu ka zaɓa, to ka sani wani babban kaso na hotunan da za ka miƙa daga wannan bodin zai fito, saboda haka ba za ka sassauta wajen inganci ba. Idan na jaka ne, za ka iya saukowa mataki ɗaya, amma ba biyu ba. Ni dai ga mai biki na fi son na kafaɗa. Kyamarar da ake aiki da ita kullum an san lafiyarta, an san batirinta na da caji, kuma idan kati ko bodi ɗaya ya lalace, rabin ranar yana nan a ɗayan.

Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa: ka sayi wadda ta fi taka, ita ta zama ta gaba, tsohuwar ta koma ko-ta-kwana. Idan tsohuwar lafiyarta ƙalau kuma hannunka ya san ta, wannan ya fi a kashe kuɗi a kan ƙaramar kyamarar da ba za ka so taɓawa ba.

3. Bakin lens: nan ne ba a yin sulhu

Dole ne duk lens ɗin da kake aiki da shi ya hau bodi na biyu, kuma fokas ya yi aiki da kansa. Sunan kamfani ɗaya bai wadatar ba, don kowane babban kamfani yana da baki fiye da ɗaya.

A Canon, bakin EF yana nan tun 1987, RF kuma ya zo a 2018 tare da kyamarori marasa madubi. Lens na EF yana hawa bodin RF ta hanyar adaftar EF-EOS R, kuma yana aiki sosai. Amma ba a komawa baya: lens na RF ba zai taɓa hawa 5D ko 6D ba. Wanda ke da R6 da lens na RF, ya ga 5D Mark III da araha ya saya, ya sayi abin da ba zai amfane shi ba. Lens na EF-S ba ya hawa 5D ko 6D. A bodin RF yana hawa da adafta, sai dai kyamarar za ta rage faɗin hoton. Jerin EOS M kuwa bakinsa daban ne gaba ɗaya, ba ya karɓar RF.

A Nikon, lens na bakin F yana hawa bodin Z da adaftar FTZ. AF-S da AF-P suna yin fokas da kansu, amma tsofaffin AF-D, waɗanda injin cikin bodi ne ke juya su, sai dai ka murɗa da hannu. Haka abin yake idan ka ɗora AF-D a kan jerin D3000 ko D5000, don ba su da wannan injin. Lens na Z kuma ba ya hawa bodin F.

Sony ta fi sauƙi ta wannan fuskar, bakin E ɗaya ne daga jerin A6000 har A7. Fujifilm ma duk jerin X baki ɗaya suke.

Gargaɗi: idan bodi biyun duk adafta suke buƙata, sayi biyu. Adafta ɗaya tana yawo tsakaninsu ita kanta ta zama abin da idan ya lalace aiki ya tsaya. Idan kuma kana da tsohon lens na Sigma ko Tamron, ɗora shi a kan bodin da adaftar ka gwada da idonka kafin ka biya, don wasu sai an sabunta musu manhajar ciki suke daidaita.

Kada ka haɗa kamfani biyu, ko da kyauta-kyauta aka yi maka tayin bodin. Za ka koma sayen lens biyu-biyu, filash biyu-biyu, caja biyu-biyu.

4. Girman sensa

Idan babbar kyamararka ful-firem ce, wato mai babbar sensa (farantin cikin kyamara da ke kama hoton), ta biyu kuma APS-C mai ƙaramar sensa, lens ɗinka zai sauya hali da zarar ka mayar da shi. A Canon ana ninka tsawonsa da 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm da 1.5. Wato 50mm zai ba ka faɗin 80mm a Canon, 75mm a sauran. Ga hoton fuska wannan ba laifi, har ma yakan yi daɗi. Matsalar tana can ɓangaren faɗi: 24-70mm ɗinka zai fara daga wajen 36mm ko 38mm, ga ɗaki ƙarami, ga dangi an jeru ana jiranka, ga bango a bayanka ba inda za ka ja.

Ƙaramar sensa kuma ta fi saurin nuna tsakuwa-tsakuwa idan ISO, saitin da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci, ya yi sama, kuma zauren biki da dare ISO 3200 ko 6400 ba baƙon abu ba ne. Saboda haka in da hali, sensa iri ɗaya. In babu, APS-C za ta fitar da kai, da babu gara ba daɗi, amma ka tanadi lens mai faɗi na musamman dominta. Wanda kuwa tun asali APS-C yake aiki da ita, ya tsaya nan, ba shi da wannan ciwon kan.

Game da megafiksel, kada ya ɗauke maka hankali. Tsakanin 20 da 24 ya ishi albam da babban firem na bango. Bodi mai 45 zai cika maka kati da kwamfuta, ya kuma rage maka saurin gyara, alhali dare kawai kake da shi bayan ka tashi daga aiki.

5. Ramin kati ɗaya ko biyu

Bodi mai rami biyu yana iya rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda. Kati ya mutu, ɗayan yana nan. Ga mai biki wannan ya fi duk wani sabon salon da ake tallatawa.

Masu rami biyu da aka fi samu: a Canon akwai 5D Mark III da 5D Mark IV da R6 da R6 Mark II da R7. A Nikon akwai D610 da D750 da D780 da Z5 da Z6 II. A Sony akwai A7 III da A7 IV, a Fujifilm X-T3 da X-T4 da X-T5. Masu rami ɗaya, waɗanda mutane ke saye su gano daga baya: 6D da 6D Mark II da EOS R da RP da R8, Z6 da Z7 na farko, D7500, A7 II da A7C da duk jerin A6000.

Shin mai rami ɗaya haramun ne? A'a. Ga hoton mutum ɗaya-ɗaya ya isa, ga bodin da ke kwance a jaka ma za a iya haƙuri da shi. Sai dai ka sa masa katin kirki da ka saya daga inda ka amince, ka riƙa sauya kati bayan kowane sashe na biki maimakon ka tara ranar duka a kan guda ɗaya. Amma in zai rataya a kafaɗa yana ɗaukar lokutan da ba sa dawowa, nemi mai biyu.

Duba irin katin ma. 5D Mark III da Mark IV ramin farko CF ne, na biyu SD, kuma ramin SD na Mark III ba shi da sauri, zai riƙa jan ƙafa idan kana harba hotuna a jere a kati biyu. Z6 na farko XQD ko CFexpress yake ci, katin da ya fi SD tsada nesa ba kusa ba, ga shi yana buƙatar abin karanta kati nasa na daban.

Gargaɗi: sa kati biyu a ciki ba shi ne kariya ba. Yawancin kyamarori suna zuwa ne a saitin rubutawa a kati ɗaya kawai a lokaci guda. Shiga menu ka zaɓi rubutawa a duka biyun, ka ɗauki hoto ɗaya, ka zare kowane kati ka tabbatar yana ciki.

6. Batir da filash

Batir iri ɗaya yana nufin caja ɗaya, aljihu ɗaya, kuma duk wanda hannunka ya kai gare shi zai shiga. Dangin LP-E6 suna aiki daga 5D Mark II da 6D har R6 da R7, amma RP da R8 ƙaramin LP-E17 suke ci. Dangin EN-EL15 sun haɗa D750 da D850 da Z5 da Z6. A Sony, A7 III zuwa sama NP-FZ100 ne, A7 II da A6400 kuwa NP-FW50, wanda ba ya jimawa. Bambancin ba ƙarami ba ne: a ma'aunin CIPA, ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, D750 tana kai hoto 1,230 da caji ɗaya, RP kuwa wajen 250. Kyamara marar madubi dama ta fi shan batir, tunda allo ko maleƙinta a kunne yake koyaushe.

Tsohon batir na dangi ɗaya yakan shiga sabon bodi, sai dai wasu abubuwa kamar caji ta USB ko cikakken saurin harbi ba za su yi ba. Ka gwada naka.

Filash kuma yaren kamfani yake ji wajen auna haske da kansa, wato TTL: E-TTL na Canon, i-TTL na Nikon. Tirigar Godox harafin ƙarshen sunanta ne ke faɗa maka tata, C ko N ko S ko F. In ka tsaya a kamfani ɗaya ba ka da damuwa sosai, sai abu ɗaya: wasu ƙananan bodin Canon, irin su 2000D da 250D da R50, mazaunin filash ɗinsu ba shi da ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, don haka filash da tiriga da dama ba sa tashi a kansu kai tsaye. Tafi da filash ɗinka wurin saye ka ɗora.

7. Abin da hannunka ya saba da shi

Wannan ne ba ya fitowa a jadawalin talla, kuma shi ne ke kayar da mutane. A cikin duhu, ana kiɗa, ana turereniya, yatsanka ne ke aiki ba idonka ba. Idan babbar kyamararka tana da abin murɗawa biyu, ɗaya na shata (labulen da ke buɗewa haske ya kai sensa) ɗaya na buɗin lens, ta biyun kuma guda ɗaya gare ta sai ka danne wani maɓalli kafin ka sauya buɗi, to za ka yi kuskure daidai lokacin da bai kamata ba. Haka ɗan sandan matsar da wurin fokas, haka maɓallin fokas na baya, haka inda ISO yake.

Shi ya sa mafi kyawun ko-ta-kwana ita ce tagwaiyar wadda kake da ita. Mai D750 ya nemi wata D750, mai A7 III ya nemi wata A7 III. In ba ta samu ba, sai wadda ta gaje ta ko wadda ta gada, kamar R6 da R6 Mark II. Launi ma zai zo kusa, ba za ka kwana kana daidaita fatar amarya tsakanin hotuna biyu da aka ɗauka a minti ɗaya ba.

Wanda ya saba da fokas mai bin ido a marar madubi, in ya koma DSLR, wato mai madubi, zai sha mamakin yawan hotunan da za su kuɓuce masa a f/1.8. Ba kyamarar ce ta lalace ba, hannu ne ya manta. Ka kuma lura da iyakar gudun shata: 6D da D750 da RP suna tsayawa a 1/4000, 5D Mark III da A7 III suna kai 1/8000. In kana son buɗe lens zuwa f/1.4 da tsakar rana, za ka ji wannan bambancin.

8. Lissafin kuɗi

Kada ka tsaya a kuɗin bodi. Ɗora masa batir biyu, katuna, adafta in ana buƙata, maratayin kyamara biyu in a kafaɗa za ta zauna, da jaka in taka ba za ta ɗauka ba. Duba manhajar gyaranka ma: sababbin Canon fayil ɗin CR3 suke fitarwa maimakon CR2, kuma tsohon Lightroom ba ya buɗe RAW (ɗanyen fayil ɗin hoto) na kyamarar da ta fito bayansa. Ko ka sabunta, ko ka bi ta Adobe DNG Converter, wanda kyauta ne amma ƙarin aiki ne a kowane biki.

In ka haɗa jimla, raba ta da ribar da kake samu a aiki ɗaya, riba ba kuɗin da aka biya ka ba. Amsar ita ce yawan ayyukan da za ka yi kafin kyamarar ta biya kanta. In ya wuce yawan ayyukan da kake samu a shekara, sauko mataki ɗaya ko ka nemi ta hannu. Ga mai aikin gefe, ta hannu mai lafiya ita ce ta fi dacewa a mafi yawan lokuta, don masu sauya kaya zuwa marasa madubi sun saki DSLR masu kyau da yawa. Sabuwa kuma abin da take ba ka shi ne garanti da kwanciyar hankali.

Wanda bikinsa bai wuce 'yan kaɗan a shekara ba, haya za ta iya fi masa, ya sa kuɗinta cikin abin da zai caji mai biki. Sharaɗin shi ne ya karɓo ta kwana ɗaya kafin ranar ya saita ta. Aro daga aboki kuwa ba tsari ba ne. Ranar da kake da biki, shi ma yawanci yana da nasa.

9. Gwada ta hannu kafin ka biya

Tafi da lens ɗinka, da katunanka biyu, da batir mai caji, da filash, da kwamfuta in za ka iya. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Fara da jiki. Goguwar fenti a gefe ba komai ba ce. Abin dubawa shi ne lotsewa a kusurwa, alamar faɗuwa ke nan. Sukurorin da bakinsu ya cinye, alamar an taɓa buɗe ta. Tsatsa ko farin gari a ɗakin batir da ramin USB, alamar ruwa ya shiga. Ɗora lens ka girgiza a hankali, kada ya yi lilo. In ramin CF ne, haska tocila ciki ka ga ko akwai allurar da ta lanƙwashe.

Sai ƙidayar shata. Kowace shata tana da adadin da kamfani ya gwada ta a kai: 6D 100,000, 5D Mark III da D750 150,000. Ba wa'adin mutuwa ba ne, wasu suna wuce shi da nisa, wasu ba sa kaiwa, amma shi ne ma'aunin ciniki. Nikon da Sony suna rubuta ƙidayar cikin bayanan hoton, ka ɗauki sabon hoto ka duba da manhaja irin ExifTool. Yawancin Canon sai an haɗa da kwamfuta ta USB. Kada ka amince da lambar da ke sunan fayil, ana mayar da ita sifili cikin daƙiƙa. Bodin da ya ci kashi uku cikin huɗu na adadinsa, sa kuɗin canjin shata cikin lissafi. Kuma ƙidaya kaɗan ba ta nufin an hutar da kyamara, mai bidiyo zai iya gasa sensa shekaru ba tare da ƙidayar ta motsa ba.

Gwada sensa iri biyu. Rufe lens zuwa f/16, ka ɗauki farin bango ko sarari, ka faɗaɗa hoton. 'Yan ɗigon ƙura ana goge su. Dogon layi ko tabon da ke da kaifi zai iya zama ƙarzuwa, ita kuwa ba ta goguwa. Sannan rufe lens da murfi, ka ɗauki hoto na 'yan daƙiƙu a ISO 1600, ka nemi ɗigo ja ko shuɗi masu haske. Ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, layi guda daga sama har ƙasa kuwa ka ajiye musu kayansu.

Harba shata a kowane gudu, daga daƙiƙa ɗaya har mafi sauri. A mafi saurin ne shatar da ta gaji ke tona kanta, za ka ga gefe ɗaya na hoton ya yi duhu ko ya yi wani haske. Danne maɓallin ta yi ta harbi a jere har ta cika, ka ga tana rubutawa a katunan biyu ba tare da saƙon kuskure ba. Buɗe lens gaba ɗaya ka yi fokas a idon mutum, da wurin fokas na tsakiya da na gefe, a haske da kuma a lungu mai duhu. In DSLR ce kuma fokas yana sauka a kunne ko a hanci kowane lokaci, duba ko tana da saitin gyaran fokas na kowane lens. Ƙananan bodi da yawa ba su da shi. Murɗa duk abin murɗawa, danna kowane maɓalli, ɗora filash ka ga TTL na aiki.

Gargaɗi: gwada lambar siriyal da ke ƙasan bodi da wadda ke cikin bayanan hoto. In an kankare ta ko sun saɓa, bar ta, komai arhar. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar, ka kuma nemi a ba ka 'yan kwanakin da za ka iya mayarwa. Batirin da aka haɗo maka da shi kada ka ɗora masa rai, jabu sun yi yawa.

10. Mayar da su biyun abu ɗaya

Ka kawo ta gida, aiki bai ƙare ba. Fara da agogo. Saita lokacin kyamarorin biyu daidai har daƙiƙa, in ba haka ba idan ka zuba hotuna a kwamfuta za su cakuɗe, ƙarshen biki ya shiga gaban farkonsa. Dabara mai sauƙi: da safen aiki ka ɗauki hoton agogon wayarka mai nuna daƙiƙa da kowace kyamara, ko da sun saɓa za ka gyara duka a Lightroom da dannawa kaɗan.

Sauya farkon sunan fayil, don kada IMG_0001 ko DSC_0001 na wannan ya hau kan na waccan ya shafe shi. Sannan bi menu shafi-shafi da su biyun a gabanka: RAW a duka, farin haske iri ɗaya, salon launi iri ɗaya, iyakar ISO iri ɗaya, kowane maɓalli da aikin da ka ba takwaransa. Kashe ƙarar fokas. Kashe damar ɗaukar hoto babu kati, saitin nan ya sa mutane sun yi ta harbi a banza. Sabunta manhajar cikin kyamara yanzu, ba daren biki ba.

Gargaɗi: shata marar ƙara tana da daɗi a wurin da ake son shiru, amma a ƙarƙashin fitilun LED takan fitar da ratsi-ratsi a hoto, kuma ba lallai ka gani a ƙaramin allo ba. Kyamarori biyu ba sa yin wannan iri ɗaya. Gwada sabuwar a irin wannan hasken, in ka ga ratsi koma shatar inji.

11. Sa ta aiki, kuma ka san abin yi ranar da ta farko ta tsaya

Kada biki ya zama fitarta ta farko. Yi cikakken aikin hoton mutum ɗaya da ita kaɗai, tun daga ɗauka har gyara, ka ajiye babbar a jaka. Nan za ka gano inda ta bambanta. Bayan haka, ko ta jaka ce, fito da ita aƙalla sau ɗaya a wata ka harba. Kyamarar da ta daɗe babu batir agogonta yakan koma baya, batirin da aka manta kuma yana zubar da caji. Ajiye ta wuri busasshe da 'yan ƙunshin silika, don danshi yana haifar da fumfuna a gilashi.

Ranar aiki ta kasance a shirye: lens a ɗaure, batir a ciki, katuna an yi musu fomat a cikinta ita kanta. Kuma ta kasance inda hannunka zai kai. Bodin da ka bari a mota ko a ɗakin da aka kulle ba shi da amfani a mintin da kake buƙatarsa, ga zafin mota ga ɓarayi.

In babbar ta tsaya, kada ka tsaya gyara a gaban mutane. Ɗauki ta biyu ka gama abin da ke gudana. Sai an samu sarari ka koma gefe: kashe ta, jira fitilar kati ta mutu, zare batir, cire lens ka goge ɗigon ƙarfen bakinsa da busasshen ƙyalle, ka mayar ka kunna. Sau da yawa iyakarta ke nan. In kuwa saƙon kuskuren na kati ne, zare katin ka sa shi a aljihu na daban, kada ka ƙara ɗaukar komai a kansa, kada ka yarda da tayin fomat da kyamarar za ta yi maka, don manhajar ceto hotuna tana iya dawo da su muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Ko ta farfaɗo, ka bar ta a matsayin ta biyu har ƙarshen ranar, washegari ka kai ta wurin mai gyara.